Tambaya da Amsa: Shokazobar Sifirin ko ta Iska?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na samu tsohon firam na keken gangaren dutse, ina so in tayar da shi. Nauyina kilo 90. Shokazobar baya wacce zan saka, mai sifirin ko mai iska? Fok na gaba, wato shokazobar da ke riƙe da tayar gaba, fa?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka fitar da ko sisi, ɗauki ma'auni. Auna tsawon shokazobar daga ramin ƙusa zuwa ramin ƙusa, da iyakar nitsewarta. In ba su dace da firam ɗin ba, taya na iya bugun firam a tsakiyar gangara. Ni kaina na taɓa sayen wadda ta fi tsawo da 'yan milimita, haka na ajiye ta tana shan ƙura.

Da ni ne kai, mai sifirin zan ɗauka. Ta fi nauyi kam, amma a doguwar gangara mai duwatsu zafi ba ya canza mata hali kamar ta iska, taya kuma na manne da ƙasa. Sai dai sifirin ya dace da nauyinka: in ka hau da kayan kariyarka, shokazobar ta nitse kusan kashi 30 cikin 100 na iyakar nitsewarta. Ta iska kuwa famfo kawai take so a daidaita ta da nauyinka, shi ne daɗinta.

A gaba, nemi fok mai kambi biyu (wato maƙalai biyu da ke riƙe ƙafafunsa a sama da ƙasan wuyan firam), mai nitsewar kusan milimita 200, irin Fox 40 ko RockShox Boxxer. Duba girman tayarka, inci 26, 27.5 ko 29, tunda firam ɗin tsoho ne. In na hannu ne, shafa bututun da ke shiga da fita in fok ɗin ya nitse da yatsa. Ka ji ƙarzuwa, bar musu kayansu, mai zai riƙa yoyo.