Ga mai tambaya kan batirin zuciya: ka fara da gaya wa mutanen gida

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun bayan Isha'i na karanta tambayarka, na kasa wucewa. Ka ce likita ya gaya maka bugun zuciyarka ya yi ƙasa ƙwarai, za a saka maka na'urar daidaita bugu, wadda muke ce wa batirin zuciya, har an ba ka rana. Kana tambaya ko aikin yana da haɗari, kuma ko mutum yana komawa daidai. A ƙarshe ka ƙara da cewa ba ka sanar da uwargida da yara ba don kada hankalinsu ya tashi. Wannan na ƙarshen ne ya hana ni barci, domin ni ma haka na yi. Yau shekara huɗu ke nan da tawa na'urar a ƙirji.

Ni da jiri abin ya fara. In na miƙe daga zaune sai in ga duhu-duhu, in ce gajiyar kasuwa ce. Har ranar da na yanke jiki na faɗi a sahu, ana raka'a ta biyu ta Asuba. Wasu suka ce hawan jini ne, wasu suka hau tofi. A asibiti aka auna, bugu 34 a minti ɗaya, alhali mai lafiya in yana zaune tsakanin 60 ne da 100. Likitan ya zana mini a bayan takarda: zuciya tana da wutar kanta, saƙon bugu yana tasowa daga ɗakunan sama ya sauko na ƙasa, to ni a tsakani ne layin yake katsewa. Ya ce irin wannan ƙwaya ba ta gyara shi.

Na dawo gida na yi gum har mako uku. Maiɗakina ce ta tsinci takardar a aljihun kaftani za ta ba da wanki, ta kai wa babbar 'yarmu ta karanta mata. Da daddare ta zauna a bakin gado, ba faɗa, ba ɗaga murya, ta ce, "Alhaji, da a banɗaki ka faɗi, ƙofa a kulle, me zan ce wa 'ya'yanka?" Na rasa amsa. Ashe duk kwanakin nan ta ga na daina hawa bene, ta ga ina dafa bango, ita kaɗai tana ta saƙe-saƙen abin da ya fi wannan muni. Shirun da na ɗauka rufin asiri ne, azaba ya zame mata. Ina kyautata zaton naka ma sun lura.

Shi aikin ba buɗe ƙirji ake yi ba, wannan ka cire shi daga ranka. Yawanci ba a ma sa mutum barci gaba ɗaya. Allurar kashe zafi suka yi mini a ƙasan ƙashin wuya ta hagu, suka ɗan tsaga wurin, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Ta jijiyar jini suka zura siraran wayoyi biyu har cikin zuciya suna kallo a allo, sannan suka cusa na'urar a ƙarƙashin fata. Ba ta kai kwalin ashana kauri ba. Ina jin hirarsu, ina jin ana dannawa da ɗan ja, amma ba zafi. An rufe mini fuska da ƙyalle, na yi ta salati a ƙasansa. Awa ɗaya da 'yan mintuna aka gama, aka ɗauki hoton ƙirji, na kwana ɗaya aka sallame ni. Abin da na fara lura da shi, ƙafafuna da suka daɗe da sanyi sun yi ɗumi.

Haɗari akwai, ba zan ɓoye maka ba. Wurin yana iya tara jini, ƙwayar cuta tana iya shiga, waya tana iya gocewa, wani lokaci allura takan taɓa huhu. Ba kasafai ake samu ba, kuma likitoci sun san yadda ake magance su. In kana shan maganin tsinka jini ko na suga, ka faɗa musu tun yanzu, kada ka dakatar da komai da kanka.

Wahalar a gida take, kuma nan ne mutum ɗaya ba ya iyawa. Mako huɗu zuwa shida aka hana ni ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa da ɗaukar abu mai nauyi, don wayoyin su kama. Ka gwada sa riga ta ka da hannu ɗaya ka gani. Maiɗakina ta ware mini riguna masu maɓalli a gaba, ita take zuba mini ruwa daga ciki zuwa ƙasa don kada ɗinkin ya jiƙe. Kwanakin farko a kujera na yi salla, saboda tashi daga sujada sai an dogara da hannu. Kada kuma a naɗe hannun kamar karaya, ana so a riƙa ɗan motsa shi, in ba haka ba kafaɗa ta sandare.

Dabarar da ta taimake mu ita ce raba aiki. Mutane suna son taimako, ba su san ta ina za su kama ba ne. 'Yata ta ɗauki zancen likita, tana rubuta duk abin da ya faɗa, domin ni rabin maganar shiga take ta fita. Ƙanena ya riƙe lissafin kuɗi, kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, kuma abokan kasuwa sun haɗa gudummawar da ban taɓa zato ba. Da na ci gaba da ɓoyewa, ta yaya za su sani? Wani aminina kuma aikinsa tsaron ƙofa. Dubiya lada ce, ban ƙi ta ba, amma mutum ashirin a ɗaki, wannan na tari, wancan na son taɓa wurin ya ji, ba alheri ba ne ga sabon ɗinki. Shi yake tarbar mutane a zaure, ya karɓi gaisuwa, ya shigo da su bibbiyu bayan La'asar. Ba wanda ya yi fushi. Ka kuma gaya wa mai jinyarka abin da za ta sa wa ido: ja, kumburi, ruwa ko mugunya a wurin, zazzaɓi, ko dawowar jiri. In an ga ɗaya, asibiti a ranar.

Za ka ji surutai, wai ba ka ƙara riƙe waya, ba ka shiga jirgi. Ni da na'urar a ƙirji na je Umara. Za a ba ka kati, ka nuna a filin jirgi. Waya dai ta bar aljihun ƙirji, ka san na kaftani a hagu yake, daidai kan na'urar. Tazarar santimita 15 ake so, ka riƙa amsa kira da kunnen dama. Kada ka sunkuya kan janareta yana aiki, ka nisanci walda da maganaɗisu mai ƙarfi, kuma kafin hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, ka faɗa musu kana da na'urar. Batirin yakan kai shekara goma ko kusa da haka, ana duba shi lokaci-lokaci, in ya yi ƙasa a canja akwatin a bar wayoyin.

Ɗana ne ya binciko mini labarin mutumin da aka fara dasa wa irin wannan na'ura, Arne Larsson, a Suwidin a 1958. Ta farkon awa uku kawai ta yi ta tsaya. An canja masa fiye da ashirin, ya rayu har 2001, yana da shekara 86, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera ta duk sun riga shi. Ajali na Allah ne, amma daren aikin wannan labarin na yi ta juyawa a raina.

Don Allah gobe bayan Magariba ka kira uwargida ita kaɗai, ka ɗauko takardar ka nuna mata, ku shawarta yadda za a gaya wa yara. Ranar ganin likita kuma ka tafi da ita. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne. Ka faɗa mana ranar da aka sa, mu saka ka a addu'a.