Amsa: rilen fitilar gaba ta mota yana yin ƙas amma wuta ba ta kamawa

Malam ka ce kana jin ƙas idan ka kunna fitila amma haske sai ya ga dama, to kusan zan ce bakin rilen ne, wato inda ƙarafunsa na ciki ke haɗuwa, ya cinye. Aikin rilen shi ne makunnin hannunka ya tura 'yar wuta kaɗan ta ƙafafunsa masu lamba 85 da 86, naɗaɗɗiyar wayar ciki ta zama maganaɗisu ta janyo wani ɗan ƙarfe, shi kuma ya haɗa 30 da 87, babbar wuta daga batir ta wuce zuwa ƙwan. Ƙwai biyu masu wat 55 suna jan kusan amfiya 9 fa, kuma duk kunnawa da kashewa sai an yi tartsatsi a bakin nan, yau da gobe ya yi baƙi ya rarake, wuta ta riƙa wucewa da kyar yana zafi, wani ma mannewa yake yi fitila ta ƙi mutuwa har batir ya sauka. Masu sa ƙwan wat 100 su suka fi saurin kashe shi wallahi.

Ka cire rilen ham ka musanya da na fitilar in lambarsu ɗaya ce, in ta kama shikenan. In ba ta kama ba duba fiyus da wayar at, wato wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota.