An hana taro saboda annoba: shin mu daina ciyar da yara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Mu mata ne 'yan ƙalilan da muka haɗa kai muna dafa wa marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi abinci sau ɗaya a rana. Sukan taru su ci a tsakar gida ɗaya, huɗu ko biyar a kwano. Yanzu annoba ta ɓulla, hukuma ta hana taro, kanmu kuma ya rabu. Wasu sun ce a dakata sai abu ya lafa, wasu sun ce a ci gaba yadda aka saba, ai mai aikin Allah, Allah ba ya barin sa. Yaran kuwa ba su fasa zuwa ƙofa da kwanukansu ba. Wa ke kan daidai? Kuma ko ya halatta mu sa kuɗin zakkar da ake kawo mana a cikin wannan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, kowane ɓangare a cikinku ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi. Abu biyu kuka haɗa wuri guda: ciyarwa da tarawa. Ciyarwar wajibi ce da ba ta faɗuwa saboda annoba. Tarawar kuwa hanya ce kawai da kuka zaɓa lokacin lafiya, kuma hanya takan canja idan hali ya canja.

Mu fara da masu cewa a dakata. Allah ya ambaci hanya mai wuyar hawa a Suratul Balad, ya fassara ta da 'yanta bawa, ko ciyarwa a ranar yunwa, ga maraya makusanci ko miskinin da talauci ya kai shi ƙasa. Ranar yunwa aka ambata, ba ranar wadata ba. Lokacin annoba kuwa shi ne ranar yunwar, domin kasuwa takan tsaya, mai neman na yau ya zauna gida, makarantar da yaro ke samun abinci a rufe ta. A shekarar 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, Hukumar Abinci ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 370 sun rasa abincin da suke ci a makaranta. Yaron da yunwa ta ci kuma garkuwar jikinsa rauni take yi, cutar da wani zai kwanta da ita kwana uku ya tashi, shi sai ta tafi da shi. Wanda ya rufe tukunya don tsoron annoba, ya miƙa mata yaran ne ta wata ƙofar.

Malaman fiƙihu ba su ɗauki wannan a matsayin nafila ba. Ƙurɗubi, a tafsirin aya ta 177 ta Baƙara, ya kawo ittifaƙin malamai cewa idan buƙata ta sauka a kan Musulmi bayan an fitar da zakka, wajibi ne a kashe dukiya wajen toshe ta. Malikiyya sun ƙara tsanantawa: wanda yake da rarar abinci ko abin sha ya hana wanda ke cikin lalura har ya halaka, akwai lamuni a kansa, wato shi zai ɗauki alhakin ran. Farali ne na kifaya a kan masu hali, amma tunda ku kuka san yaran nan da gidajensu, kuma da ku suka dogara, nauyin ya fi kusa da wuyanku har sai kun sami wanda zai karɓe ku.

Sai masu cewa a ci gaba da tara su da sunan tawakkali. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma hujjarsu ba ta tsaya ba. Annabi (SAW) ya ce kada mai raƙuma marasa lafiya ya shigar da su cikin masu lafiya. Bukhari da Muslim sun ruwaito. A cikin tawagar Saƙifa akwai mai kuturta, Annabi ya aika masa cewa mun karɓi mubaya'arka, ka koma. Da Umar ɗan Haɗɗabi ya isa Sarga, wani wuri a kan hanyar Sham, aka ba shi labarin annoba a Sham, ya juya da mutane. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah? Umar ya ce, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ka kai raƙumanka, da ƙaddarar Allah ka kai su. Kuma a lura, babba yana iya cewa ya yarda ya ɗauki kasada a kan ransa, amma ba shi da ikon ɗaukar ta a madadin ɗan shekara biyar da yunwa ce ta kawo shi. Ƙa'ida ita ce babu cuta babu cutarwa. Umarnin hukuma a kan abin da ya shafi kare rayuka, bin sa wajibi ne.

Umar ɗin nan da ya juya daga annoba shi ne ya tsaya kan ciyar da jama'a a shekarar fari da ake kira Ramada, har ya haramta wa kansa man shanu sai mutane sun samu. Masu tarihi da yawa sun sanya farin da waccan annoba ta Sham, wadda ake kira annobar Amwas, a shekara ɗaya, ta 18 bayan hijira. Bai ga karo tsakanin biyun ba.

Saboda haka hukuncin shi ne: ku ci gaba da ciyarwa, ku daina zaman ci tare. Hukuma taro ta hana, ba sadaka ba, don haka ku je wurin jami'an lafiya ku faɗa musu abin da kuke yi, su gaya muku yadda cutar ke yaɗuwa, domin kariyar ta danganta da haka. Idan ta numfashi ce, matsalar cunkoso ce: a raba lokaci, gida kaza da safe, gida kaza da rana, babba ɗaya ya zo ya karɓa, a fili mai iska, da takunkumi, ko ku kai musu har ƙofa. Idan irin kwalara ce, matsalar ruwa ce da hannu da kwano: ruwan da aka tafasa ko aka sa masa sinadarin kulorin, wanke hannu da sabulu kafin girki da bayan fitowa daga bayi, kowane yaro da kwanonsa. Abinci ya dahu sosai, a raba shi da zafinsa, kada ya wuce awa 2 a ajiye yana hucewa. Wadda ta wayi gari da zazzaɓi, tari ko gudawa a cikinku, haramun ne ta taɓa tukunya a ranar, ko da ita ce ta fi kowa iya girki. Ladanta na nan, in sha Allah.

Yaron da ya kamu da cutar ba a yanke masa rabo. A kai masa nasa, a kuma sanar da ma'aikatan lafiya.

Abu biyu nake so ku kiyaye, don na ga masu kyakkyawar niyya na yin kuskure a kansu. Na farko, jarirai. Kada ku raba madarar gari ga masu shayarwa da sunan taimako. Idan aka dama ta da gurɓataccen ruwa ta zama guba. Ku ciyar da uwar, ita ta shayar da ɗanta, nono zalla har wata 6. Na biyu, yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko aka auna damtsensa aka samu bai kai santimita 11.5 ba. Wannan ya wuce maganar tukunyarku, cika masa ciki da abinci mai nauyi lokaci guda na iya cutar da shi. Asibiti za a kai shi.

Game da zakka, yaran talakawa suna cikin masu haƙƙi, amma jumhurun malamai sun sharɗanta mallakawa, wato a damƙa wa talaka abin ya zama nasa. Dafa abinci a ce zo ka ci ba mallakawa ba ce. Hanafiyya ma, da suka yarda a ba da kaya daidai ƙimar zakkar a maimakon kuɗi, sun ce sai an miƙa masa abincin ya zama mallakinsa. Abin da na fi natsuwa da shi: kuɗin zakka a ba iyaye ko waliyyan yaran a hannu, ko a saya musu busasshen abinci da izininsu. Wannan ma ya fi dacewa da halin annoba, don kaso ɗaya zai kai su mako ba tare da sun fito ba. Girki, sabulu, makamashi da kuɗin mota kuma su fito daga sadakar ganin dama. Idan mai zakka ya so gaggauta fitarwa kafin shekara ta cika saboda wannan buƙata, Annabi ya yi wa Abbas rangwame a kan haka, jumhuru sun halatta, Malikiyya kuma sun taƙaita shi ga ɗan lokaci kaɗan kamar wata guda.

Wallahu a'alam.