Abin da ka baro a tsohuwar saba

Jiya bayan La'asar ka tambaye ni me ya sa baƙuwar kwamfutar nan ta makarantar da muke wa aiki a Mabera, wato kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a matsayin manhaja cikin saba (babbar kwamfutar da ke masaukin baƙin), ta ƙi tashi, alhali ka kwafe faifanta kaf zuwa sabuwar saba. Ka ce shuɗin allo kawai take nuna maka, tana neman lambobi 48 na BitLocker, manhajar Windows da ke kulle bayanan faifai. To yarona, babban faifan ka ɗauko, ka baro ƙanana guda biyu, kuma makullin yana cikinsu.

Kwamfutar da ke kan teburinka tana da ɗan guntu a jikin babban allon lantarkin da ke cikinta, a ciki manhajar da ke tada ta take, tun kafin Windows ya farka. Baƙuwa ba ta da wannan allon lantarki. Mai masaukinta, wato sabar, ita ke ba ta aron wannan manhaja a fayil. A Proxmox, tsarin sabar da muke aiki da shi, iri biyu ce: SeaBIOS, tsohon yayi, da OVMF, wanda shi ne UEFI, sabon yayi. Windows 11 kuwa tun fitowarsa a 2021 sai da UEFI mai Secure Boot (mai tantance manhajar tashi kafin ta gudana) da TPM 2.0 (ma'ajiyar makullan sirri).

Buɗe jerin kayan baƙuwar a tsohuwar sabar ka duba da idonka. Ƙarƙashin babban faifai za ka ga efidisk0 da tpmstate0, 'yan megabait ne kawai, shi ya sa ka raina su. Na farkon yana riƙe da tsarin tashi da makullan Secure Boot. Na biyun shi ne ƙwaƙwalwar TPM ɗinta, a nan BitLocker ya ba da ajiyar makullinsa. Da ka ba ta sabon TPM fanko, sai Windows ya ga ba gidan da ya sani ba ne, ya kulle ƙofa. Ya yi daidai, aikinsa ke nan.

Gyaran ba wuya. Ka koma ka ɗauki ajiyarta da vzdump, kayan ɗaukar ajiya na Proxmox, shi yana kwashe duka ukun tare, ka sauke a sabuwar.

Abin da ya fi damuna shi ne ka fahimci cewa wannan TPM fayil ne zaune a kan sabar. Duk wanda ya samu kalmar sirrin root, wato babban mai iko a sabar, ya samu baƙin gaba ɗaya, da sakamakon ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta. Don haka kada ka kuskura ka buɗe ƙofar 8006, wadda ta nan ake shiga shafin sarrafa Proxmox, ga intanet, ko da shugaban makaranta ya ce yana son leƙawa daga gida. Baƙuwa ma tana iya haura katanga. A 2015 an gano ɓarakar VENOM a QEMU, manhajar da Proxmox ke gudanar da baƙin da ita, ta sashen kwaikwayon tsohon faifan fulofi da kowa ya manta da shi, wadda za ta iya kai mugu daga cikin baƙuwa har kan mai masauki. Shi ya sa nake matsa maka kan sabunta sabar kanta, ba Windows kaɗai ba.

Sai kuma takardun shaidar Secure Boot da Microsoft ya fitar a 2011, wa'adinsu daga Yunin 2026 yake fara cika, kuma tsofaffin efidisk0 ɗinmu su suke ɗauke da su. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri kafin rana ta yi zafi. Ka tabbatar batirin inbata ya cika, kada a ɗauke wuta muna tsakiyar kwafa. Lambobin 48 ɗin nan kuma ka buga su a takarda, ka damƙa wa shugaban makarantar hannu da hannu.