Ginshiƙin Lepakshi da ake cewa ba ya taɓa ƙasa

Tambaya: Malam, ina karatu a Bengaluru, a Indiya. 'Yan ajinmu sun matsa sai mun je wani tsohon ɗakin bautar Hindu a Lepakshi, wai akwai ginshiƙin dutse da ke rataye ba ya taɓa ƙasa. Gaskiya ne ko zuki-ta-malle? In na je me zan duba?

Amsa: Ɗan'uwa, ginshiƙin yana nan, sai dai an yi masa gishiri. Gefe ɗaya na gindinsa ya ɗan dafa ƙasa, sauran ne ke da 'yar tazara. Za ka tarar da mutane a tsugunne suna zura gyale ko takarda ta ƙarƙashinsa suna jawowa ta ɗaya gefen. Ɗaya ne daga ginshiƙai kusan 70 na zauren rawa. Masu yi wa baƙi jagora za su ba ka labarin wani injiniya Bature da ya nemi motsa shi a zamanin mulkin Ingila. Labarin baka ne.

Ni dai a ganina abin kallon yana sama, don haka ka ɗaga kai. An gina wurin wajen 1530, zamanin Sarki Achyuta Deva Raya na daular Vijayanagara, kuma wasu 'yan'uwa biyu ma'aikatan fada, Virupanna da Viranna, suka tsaya a kan aikin. Rufin cike yake da zane a kan shafen farar ƙasa, da ja da ruwan ɗorawa da baƙi. Akwai hoton Veerabhadra, abin bautar Hindu da aka gina wurin dominsa, tsawon hoton ya kai mita 7. Ka kuma lura da fadawa sanye da dogayen huluna, da mata cikin zannuwa masu ado iri-iri. Nan za ka ga yadda mutanen ƙarni na 16 suke sa tufafi.

Labarin da ya fi taɓa zuciya na Virupanna ne. Ana cewa an kai ƙararsa wurin sarki cewa ya ɗebi kuɗin baitulmali ya zuba a gini, aka yanke hukuncin a cire masa idanu. Bai jira ba, ya ƙwaƙule su da hannunsa ya jefa a bango. Za a nuna maka tabo biyu jajaye kusa da zauren aure da har yau ba a ƙarasa ba, ginshiƙansa na tsaye babu rufi.

Sunan garin ma yana da almara: wai mikiya Jatayu ta cikin Ramayana, tsohon labarin Hindu, ta faɗo nan bayan ta yi faɗa da mugun sarki Ravana, sai Rama, gwarzon labarin, ya ce mata "le pakshi", wato "tashi, tsuntsu" da harshen Telugu.

A tsakar gida akwai maciji mai kai bakwai da aka sassaƙa daga dutse guda, wai masassaƙa sun gama shi ne kafin mahaifiyarsu ta sauke tukunya. Can bakin hanya kuma ga bijimin Nandi da mabiya Hindu ke girmamawa a kwance, tsayinsa kusan mita 4.5, shi ma dutse guda.

Daga Bengaluru tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka, ka shiga jihar Andhra Pradesh. Har yanzu ana bauta a wurin, kuma takalmi a ƙofa ake barinsa. Ku yi sammako, don da hantsi ya ɗaga dutsen nan yakan gasa tafin ƙafa.