Kuɗin tallafi ya shigo hannu: amsoshin tambayoyinku kan hatsi, makaranta da jari

Wasiƙun wannan makon kusan dukkansu a kan abu ɗaya suke, wato kuɗin tallafin da gwamnatin Kamaru take bai wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi a karkara, don haka na zaɓi huɗu daga ciki.

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye kusa da Mokolo ta rubuto cewa: "Ina karɓar sefa 20,000 duk bayan wata biyu. 'Ya'yana huɗu, uku suna makarantar boko, kuma mahaifinsu ya rasu. Ga Satumba ta matso, rumbu babu komai. In sayi dawa ne, ko in biya kuɗin makaranta? Tunanin nan ya hana ni barci."

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki, domin ba ke kaɗai wannan lissafi yake hana wa barci ba: a ƙasarmu ana buɗe makarantu ne daidai lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuma bai gama nuna ba. Ki fara da abinci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yaron da ya tafi aji da yunwa jikinsa ne kawai yake zaune a benci.

Amma wannan ba ya nufin yaran su zauna a gida. Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a Kamaru. Abin da ake karɓa a hannunki kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ne, wadda ake kira APEE, kuma a ƙauyuka da yawa daga cikinsa ake biyan malaman da iyaye suka ɗauka da kansu saboda na gwamnati ba su wadatar ba. Ki je da ƙafarki wurin shugaban makarantar tun kafin a buɗe, ki gaya masa watannin da kuɗinki suke shigowa, ki roƙi a raba miki biyan kashi biyu ko uku. Ga ƙananan, allo da alli da littafin rubutu sun isa a fara. Abin da kawai nake roƙonki shi ne, idan abu ya matse, kada ya zama 'yar macen ce za a fara cewa ta haƙura.

Wani matashi daga gefen Garwa yana tambaya: "Mahaifiyata za ta karɓi babban kason nan na sefa 80,000. Wace waya ce mai kyakkyawar kyamara zan samu da wannan kuɗi? Ko kuwa in ba da kafin alƙalami na babur?"

Samari, na karanta wasiƙarka har sau biyu ina neman inda ka ambaci abin da mahaifiyar taka take so, ban gani ba. Ba zan faɗa maka sunan waya ba. Sunan da aka rubuta a tallafin nata ne, talaucin da aka duba kafin a rubuta sunan kuma na gidanku ne gaba ɗaya, kuma ban taɓa jin an tuƙa tuwo da kyamara ba.

Bari in tsaya a nan kaɗan, domin ba kai kaɗai ba ne, kuma ɓarnatar da babban kason nan ita ce cutar da ta fi damuna. Shirin gwamnati na Filets Sociaux, wanda aka soma a 2013 da tallafin Bankin Duniya, aka fara gwada shi a Soulédé-Roua da Ndop, an fi saninsa da tsari kamar haka: sefa 20,000 duk wata biyu, sai 80,000 a maimakon 20,000 ɗin a wata na 12 da kuma wata na 24, jimilla 360,000 a cikin shekara biyu. Ƙaramin kason na cefane ne da sabulu da magani da littafin yara. Babban kuwa an dunƙule shi ne da gangan domin ya zama jari, tun da mai karɓar 20,000 ba zai taɓa iya tara kuɗin akuya ba alhali tukunya tana jiransa kullum. Bayan wata na 24 kuma an rufe littafi. Ba albashi ba ne, balle a ce wata mai zuwa ma akwai.

To amma me muke gani? Ranar da babban kaso ya shigo, kafin la'asar labari ya zagaye gari. Mai atamfa ya iso da ƙunshinsa, masu ankon biki sun aiko, ɗan'uwan da ya shekara bai leƙo gaisuwa ba ya tuna da zumunci. Na san gidan da aka kashe kason nan kaf a hidimar suna, aka yi taro na gani na faɗa, sannan da Yuli ta yi na tarar da uwar gidan a bakin teburin mai awo da ɗan kwano a hannu, tana roƙon a auna mata dawa bashi zuwa kaka, a kan farashin da duk kun sani. A layi ɗaya da ita akwai wata da ta karɓi kuɗi iri ɗaya a rana ɗaya. Ta sayi awaki biyu da buhun gyaɗa, ta koma matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli, kuma kuɗin jarrabawar ɗanta a bana daga ɗan akuya ya fito. Ba ta yi arziki ba, har yanzu ɗakinta yana yoyo da damina, amma ba ta ƙara tsayawa da kwano a gaban kowa ba.

Idan mahaifiyarka ta zaɓi dabba, kada ta saya dab da Babbar Sallah, kuma ta tafi kasuwa da wanda ya san dabba, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya duba hanci ko akwai majina, ya ɗaga wutsiya ya ga ko tana zawo. Akuyar da aka karya wa farashi ba dalili, akwai dalilin, mai ita ne bai faɗa ba. A kuma ware kuɗin allurar rigakafi tun daga farko.

Idan hatsi ta zaɓa, lokacin saye shi ne kaka, ko wajen Fabrairu da ake girbin masakwa, wato dawar rani, ba tsakiyar damina ba. A zura hannu har gindin buhu, domin masu algus a sama suke zuba mai kyau, ƙasa kuwa tsakuwa ne da wanda ƙwari suka ci. Wake kuma a ajiye shi a buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda yake toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Wannan dabara ma a nan Marwa aka yi binciken farko a kanta. A duba ledojin ciki guda biyu da kyau, saboda huda ɗaya tak ta ɓata aikin. Abin da nake yi muku kashedi a kai da babbar murya shi ne zuba maganin feshin auduga a cikin abincin da yara za su ci, ko sayen garin maganin ƙwari marar suna da ake ƙullawa a leda a bakin kasuwa. Wanda ya yi haka ya tsare hatsinsa daga ƙwari, ya kai kuɗin asibiti.

Batun babur kuwa, 80,000 ba ta sayen babur, bashi kawai take sayowa.

Wani magidanci daga Kuseri ya ce: "An kira ni a waya an ce sunana ya fito a tallafi, in tura sefa 5,000 ta Orange Money na buɗe fayil, in kuma faɗi lambar sirrina."

Malam, ɓarawo ne. Ba a biyan kuɗi kafin a shiga tallafi, kuma babu ma'aikacin gaskiya da zai nemi lambar sirrinka, ko na Orange ne ko na MTN. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan kana shakka, ka je ofishin magajin gari ka tambaya ido da ido.

Ta ƙarshe daga wani uba ce a yankin Yagwa: "'Yata tana ajin ƙarshe na firamare, tana da ƙoƙari, amma malaminta ya ce ba za ta rubuta jarrabawar kammala firamare ta CEP ba sai da takardar haihuwa, kuma ba mu yi mata ba. Ya dace in taɓa kuɗin tallafi a kan takarda, ga shi ambaliyar 2024 ba ta bar mana komai ba?"

Malam, Allah ya mayar muku da alheri. Ya dace, kuma ba na jin akwai abin da za ka saya da kuɗin nan da zai daɗe kamar wannan takarda. Yara da yawa a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru suna kaiwa aji shida lafiya lau, sai karatun ya tsaya a nan saboda rashinta, shekara shida na littafi da kuɗin APEE su tafi a banza. Tun da lokacin rajistar jariri ya wuce, a bisa al'ada sai an bi ta kotu ta ba da hukuncin da zai tabbatar da haihuwar, da shaidu, sannan a kai ofishin rajista a rubuta takardar. Abin yana cin lokaci da kuɗin mota, don haka ka fara yanzu, kada ka jira sai an buɗe rajistar jarrabawa. Ka fara tambayar shugaban makarantar da ofishin magajin gari, domin wani lokaci akan tattara sunayen ɗalibai a yi musu zaman kotu na musamman gaba ɗaya, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ka kuma yi hattara da masu tsayawa a bakin ofis suna cewa za su kawo maka takarda da hatimi cikin kwana biyu. Takardar da ba ta da tushe a cikin kundin rajista tana iya wucewa a yau, amma ranar da yarinyar ta je neman katin ɗan ƙasa ko wata babbar jarrabawa asiri zai tonu, a lokacin da gyara ya fi wuya. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit, kuma tun da ka riga ka shiga hidimar, idan tana da ƙanne marasa takarda ka haɗa da su a tafiya ɗaya.