Yadda ƙungiyar KÍ ta garin masunta ta kai zagayen rukuni a Turai

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto yana cewa ya ji labarin wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa daga wani ɗan tsibiri a arewacin Turai, wadda ta lallasa zakarun ƙasar Hungari da ci uku ba ko ɗaya a shekarar 2023, kuma an gaya masa cewa 'yan wasanta masunta ne da masu sana'ar hannu. Yana neman sanin wace ƙungiya ce, mene ne tarihinta, kuma shin sa'a ce kawai ta taimake ta a wannan dare.

Amsa: Malam, ƙungiyar da kake tambaya a kanta ita ce Klaksvíkar Ítróttarfelag, wadda kowa ke taƙaita sunanta da KÍ, kuma gidanta shi ne garin Klaksvík da ke kan tsibirin Borðoy, ɗaya daga cikin Tsibiran Faro. Waɗannan tsibirai goma sha takwas ne a cikin tekun Atlantika ta arewa, tsakanin Skotland da Norwe da Aisland, suna ƙarƙashin masarautar Denmak amma suna da gwamnatin kansu tun daga 1948. Duk mutanen ƙasar kimanin 55,000 ne, shi kuwa garin Klaksvík, wanda shi ne na biyu a girma bayan babban birni Tórshavn, mazaunansa kimanin 5,000 ne, kuma kamun kifi da sarrafa shi su ne ƙashin bayan rayuwarsu. Filin wasan Ferencváros da ke Budapest, inda aka yi wasan da ka ji labarinsa, yana ɗaukar mutum kusan 22,000, wato zai iya haɗiye mutanen garin baki ɗaya har sau huɗu.

Game da batun sa'a, amsata ita ce sa'a ta taka rawarta kamar yadda take yi a kowane wasa, amma wanda ya bi tarihin ƙungiyar zai ga cewa daren Budapest ya biyo bayan aikin shekaru masu yawa ne, kuma an ga alamunsa tun shekaru uku kafin ya faru.

An kafa KÍ a watan Agusta na 1904, a shekarar da aka kafa babbar abokiyar hamayyarta, HB ta Tórshavn, kuma ƙungiyar TB ta garin Tvøroyri, wadda aka kafa a 1892, ita ce kaɗai fitacciyar da ta girme su. A shekarun farko babu wata gasa ta ƙasa, sai wasannin sada zumunci tsakanin garuruwa, kuma zuwa wasa yana nufin hawa jirgin ruwa a kan teku mai hauka, a ƙasar da iska da ruwan sama da hazo ba sa rabuwa da ita. Ciyawa ba ta jure wasa a irin wannan yanayi, don haka an daɗe ana buga ƙwallo a kan rairayi da tsakuwa kafin a zo da shimfiɗar roba a shekarun 1980. Gasar ƙasa ta fara ne a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojojin Birtaniya ke riƙe da tsibiran, kuma KÍ ce ta ɗauki kofin farko. Yana da kyau a ambaci cewa a 1944 ba a buga gasar ba saboda ƙarancin ƙwallaye a ƙasar, domin wannan kaɗai ya isa ya nuna irin halin da wasan ya taso a ciki.

Daga nan ƙungiyar ta yi zamanin mulkinta na farko. Ta ci gasar sau shida a shekarun 1950, sannan ta ɗauke ta sau biyar a jere daga 1966 zuwa 1970, ta ƙara ɗaya a 1972, abin da ya sa kofunanta suka kai goma sha biyar cikin shekaru talatin da fara gasar. Bayan haka sai ruwa ya janye. Tsakanin 1972 da 2019 sau biyu kacal ta zama zakara, a 1991 da 1999, yayin da ƙungiyoyin babban birni, HB da B36, da kuma GÍ ta garin Gøta, suka mamaye fagen. Kofin 1991 yana da nasa muhimmancin, domin ya zo daidai da lokacin da ƙofar Turai ta buɗe wa ƙasar: Tsibiran Faro sun shiga FIFA a 1988, suka shiga UEFA a 1990, kuma a wannan shekara ne ƙungiyar ƙasar ta doke Ostiriya da ci ɗaya a wasanta na farko na gasa, wanda aka buga a Landskrona ta ƙasar Suwidin saboda babu filin ciyawa da aka amince da shi a gida. A 1992 KÍ ta wakilci ƙasar a zagayen share fage na Gasar Zakarun Turai, inda Skonto Riga ta Latbiya ta fitar da ita da jimillar ci shida da ɗaya.

Ƙasƙanci mafi zafi ya zo a 2009, lokacin da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a karon farko a tarihinta. Shekara ɗaya ta yi a can ta dawo, amma ga garin da ƙwallo ke cikin jininsa, wannan faɗuwa ta zama ƙararrawar farkawa. Gyaran gaske ya fara ne da zuwan koci Mikkjal Thomassen, tsohon ɗan wasan ƙungiyar ƙasar, wanda ya riƙe KÍ daga 2015 zuwa 2022. Shi ne ya tsaurara horo har ya kusa kai matakin na ƙwararru, ya gina ƙungiya mai tsaron gida da mutum biyar da saurin kai farmaki idan an ƙwace ƙwallo, ya kuma riƙe 'yan asalin gari irin su Jákup Andreasen da Páll Klettskarð da Jóannes Bjartalíð a matsayin ginshiƙi, aka riƙa ƙara musu ƙarfi da 'yan wasa kaɗan daga Norwe da Denmak da yankin Balkan. Kofin ƙalubale ya zo a 2016, sannan a 2019, bayan shekaru ashirin ana jira, KÍ ta doke B36 a ranar ƙarshe ta gasar ta sake zama zakara. Ta ƙara cin gasar a 2021 da 2022 da 2023, abin da ya kai jimillar kofunanta zuwa 21 a wancan lokaci, HB kuwa tana da 24.

Alamar da na ce an gani tun da wuri ta bayyana ne a 2020. A Gasar Zakarun Turai an ba KÍ nasara a kan Slovan Bratislava ba tare da an buga wasa ba, saboda cutar korona ta kama wasu daga cikin tawagar baƙin, kuma a nan babu mai musun cewa sa'a ce. Young Boys ta Suwizalan ta fitar da ita a zagaye na gaba, ta koma gasar Europa, sai ga shi ta casa Dinamo Tbilisi ta Jojiya, ƙungiyar da ta taɓa ɗaukar kofin Turai a 1981, da ci shida da ɗaya. Wasa ɗaya ya rage mata ta shiga zagayen rukuni, amma Dundalk ta Ailan ta doke ta da ci uku da ɗaya a Dublin. A 2022 ma ta doke Bodø/Glimt ta Norwe da ci uku da ɗaya a gida, ko da yake ba ta tsallake ba saboda ta sha kashi da ci uku a wasan farko, daga baya kuma Ballkani ta Kosobo ta fitar da ita a bugun fenariti. Ƙungiyar da ta tafi Budapest a 2023 ta riga ta san ɗanɗanon irin waɗannan wasanni, ta kuma san cewa tana iya cin su.

A waccan shekara Thomassen ya riga ya koma Fredrikstad ta Norwe, kuma Magne Hoseth, tsohon ɗan wasan Molde, shi ne ya gaje shi. Wasan farko da Ferencváros a Klaksvík ya ƙare babu ci, mutane da yawa suka ɗauka cewa a Budapest za a gama da baƙin cikin sauƙi. A ranar 19 ga Yuli, kafin a tafi hutun rabin lokaci, Árni Frederiksberg ya zura biyu, ɗaya daga ciki a bugun fenariti, Luc Kassi ɗan ƙasar Kwaddibuwa ya ƙara ta uku, kuma haka aka tashi. A zagaye na biyu ta haɗu da Häcken, zakarun Suwidin, aka tashi babu ci a gida, aka yi uku da uku a waje bayan ƙarin lokaci, KÍ ta tsallake a bugun fenariti. A zagaye na uku ta doke Molde da ci biyu da ɗaya a gida, Frederiksberg ne ya sake cin duka biyun, amma Molde ta rama da ci biyu bayan ƙarin lokaci. Sheriff Tiraspol ta Moldoba ce ta hana ta shiga rukunin Europa, da jimillar ci uku da biyu. Abin lura a nan shi ne duk ƙungiyoyi huɗun zakarun ƙasashensu ne, kuma babu wadda ta fi ƙarfin KÍ da tazarar da ta wuce ƙwallo ɗaya a jimilla. Sa'ar dare ɗaya ba ta kai mutum wasanni takwas a irin wannan mataki.

Akwai wani dalili da ya shafi tsarin UEFA, wanda ya kamata mai tambaya ya sani domin ya auna nasarar da ma'aunin gaskiya. A 2021 aka ƙirƙiro gasa ta uku, wato Conference League, kuma aka tsara hanyar zakarun ƙasashe ta yadda zakaran da aka fitar daga gasa ta sama ba ya komawa gida, sai dai ya gangara zuwa ta ƙasa da ita. Saboda haka da KÍ ta tsallake zagaye biyu na farko a Gasar Zakarun Turai, ta riga ta tabbatar da kujera a rukunin Conference League ko da za ta sha kashi a duk wasannin da suka rage. Wannan tsari ne ya ba Breiðablik ta Aisland irin wannan dama a shekarar. Ni a ganina hakan bai rage darajar abin da KÍ ta yi ba, domin ƙofar a buɗe take ga zakarun ƙananan ƙasashe da dama, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka iya doke zakarun Hungari da na Suwidin a jere don su shiga.

A rukunin ta haɗu da Lille ta Faransa da Slovan Bratislava da Olimpija Ljubljana ta Sulobeniya. An buga wasanninta na gida a filin ƙasa na Tórsvøllur da ke Tórshavn, saboda nata filin, Við Djúpumýrar, bai cika sharuɗɗan wannan mataki ba, sai magoya baya suka riƙa tafiya ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku, mai tsawon kimanin kilomita shida, wanda tun 2006 ya haɗa Klaksvík da tsibirin Eysturoy ya kuma kawo ƙarshen dogaro da jirgin fito. Ta riƙe Lille babu ci, ta doke Olimpija da ci uku ba ko ɗaya a watan Oktoba, ta ƙare a ƙasan rukuni da maki huɗu. Kuɗin shiga rukunin kaɗai ya kai Yuro miliyan 2.94, ga Yuro 500,000 na nasara da Yuro 166,000 na kunnen doki, ban da abin da ta samu a zagayen share fage, kuma a gasar da ƙungiyoyi goma kacal ke bugawa daga Maris zuwa Oktoba, wannan dukiya ce mai iya sauya ma'aunin ƙarfi na shekaru.

Maganar cewa 'yan wasanta masunta ne tana da gaskiya rabi. Yawancin 'yan ƙasar da ke cikin ƙungiyar suna da wani aiki da suke yi da rana ko suna karatu, kuma a 2023 shi kansa Frederiksberg a harkar shigo da kayan abinci yake aiki. Amma baƙin da aka ɗauko ƙwallo ce sana'arsu, wasu ma sun buga a manyan ƙungiyoyin Norwe, irin su Vegard Forren wanda ya daɗe a Molde ya kuma buga wa ƙasarsa. Ba na jin daɗin yadda ake yawan kwatanta su da 'yan wasan sha'awa da suka sauko daga jirgin kamun kifi suka ɗaura takalmi, domin hakan yana tauye haƙƙin mutanen da ke tashi daga aiki su tafi horo kusan kowace yamma, cikin sanyi da iska, shekara bayan shekara.

Tarihin KÍ ba zai cika ba idan aka bar matanta. Ƙungiyar mata ta ci gasar ƙasar sau goma sha bakwai a jere, daga 2000 zuwa 2016, kuma ta halarci kowace gasar zakarun mata ta UEFA tun daga ta farko a kakar 2001 zuwa 2002 har zuwa kakar 2017 zuwa 2018. A shekarun da maza ke fama da fari har suka faɗa rukuni na biyu, mata ne suka riƙe sunan garin a Turai, kuma daga cikinsu ne aka samu uwa da 'yarta, Bára Skaale Klakstein da Eyðvør Klakstein, da suka buga wa ƙasarsu tare a wasa ɗaya a 2012.

Bayan kakar 2023 Hoseth ya koma Lyngby ta Denmak. A 2024 KÍ ta fitar da Differdange ta Luksambur, ta doke Malmö da ci uku da biyu a gida amma ba ta tsallake ba, Borac Banja Luka ta cire ta bayan ƙarin lokaci, sannan HJK ta Helsinki ta tsayar da ita a matakin ƙarshe kafin babban zagayen Conference League, kuma a cikin gida Víkingur ta Gøta ta karɓe kofin gasar a wannan shekara.